Bakin da ke mutuwa ranar da cikin ya shigo gida

A Maradi ba za ka samu mutumin da zai miƙe a masallaci ko a gidan suna ya ce zubar da ciki daidai ne ba. Ka tambayi mai kayan miya a babbar kasuwa, ka tambayi ɗan kabu-kabu, ka tambayi malamar lakwal, amsar ɗaya ce: haramun ne, kisan kai ne. Amma duk wadda ta daɗe tana zama da mata ta san ana yi, kuma ana yi har a gidajen da maigida ba ya rasa sahun asuba. Ranar da abin ya shigo cikin gida, masu cewa haramun ne duk sai bakinsu ya mutu. Ina cikin matan unguwa da ake aiko wa yaro bayan isha'i idan irin wannan ta taso, kuma shaidar da zan bayar ta abin da muka ga yana aiki ce, da abin da muka ga yana ɓata al'amari.

Tsoron da ke kama mu a nan ba na gardama ba ne, don babu mai yi mana gardama. Da farko kunya ce. Mun tashi a gidajen da mace ba ta faɗin tana da ciki ko ga uwar da ta haife ta, sai dai a gani. Wadda ba ta iya ambaton cikin aure, ina za ta iya buɗe baki kan wanda ba na aure ba? Sai tsoron ɓacin suna: a ce kin shiga sharo ba shanu, a ce 'yar sa ido ce ke, ko zancen ya fasu a unguwa a ce daga bakinki ya fita. Wanda ya fi ɗaure harshe kuwa shi ne tambayar da uwar yarinya kan jefo in ta ji an matsa mata: "To ke za ki riƙe shi?" Wadda ba ta shirya wa wannan tambaya ba, nan take za ta ɗauki mayafinta. Kuma uwar ba ta faɗi ƙarya ba. Mai nasiha gidanta za ta koma ta kwanta, ita kuwa uwar ita za ta fuskanci maigida da kishiyoyi da dangin miji.

Abin da na gani shi ne, tsoro yana raguwa ne gwargwadon abin da mutum ya sani tabbas, da gwargwadon kayan da ya yarda zai ɗauka a kansa. Mai shiga ɗakin mutane da "haramun ne" kaɗai, dole gabanta ya faɗi, don ta san in aka yi mata tambaya ta biyu ba ta da amsa.

Abin da ake fakewa da shi ta fannin addini shi ne wata huɗu. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da ke cikin Buhari da Muslim ya ce halittar mutum tana taruwa a cikin uwarsa kwana 40, ta yi kamar haka tana gudan jini, ta yi kamar haka tana tsoka, sannan a aiko mala'ika ya busa rai. Malamai suka lissafa kwana 120. Daga nan mutane suka ɗauko cewa kafin wata huɗu babu komai. Gaskiya ne wasu malaman sauran mazhabobi sun yi sassauci a farkon ciki, kuma kada ki musa wannan, don yarinyar da ke riƙe da waya ta riga ta ji shi a WhatsApp. In kika ce babu saɓani ta kama ki, sauran zancenki ya zube ke nan. Ki gaya mata yadda yake: mazhabar Malikiyya da muke bi a ƙasar nan ita ta fi tsanani, maganar da ta shahara a cikinta ita ce ba a fitar da abin da mahaifa ta riga ta riƙe ko da bai kai kwana 40 ba, bayan an busa rai kuwa babu mazhabar da ta yarda sai don ceton ran uwa. Ga wadda talauci ya tura, aya ta 151 a Suratul An'am da aya ta 31 a Suratul Isra'i duk sun hana kashe 'ya'ya saboda talauci, ta farko ga wanda yake cikinsa, ta biyu ga wanda yake tsoron faɗawa. In maƙwabciyarki Kirista ce, ita ma tana da nata a Zabura ta 139, inda aka ce Allah ne ya harhaɗa mutum tun yana cikin mahaifiyarsa, kuma ta fi ki sanin wurin.

Akwai labarin matar nan 'yar ƙabilar Gamid da ke cikin Muslim, wadda ta zo wa Annabi (SAW) da cikin zina, ya mayar da ita sai ta haihu, ta dawo ya mayar da ita sai ta yaye. Wannan hujja ce mai ƙarfi a gaban uba mai fushi, don ta nuna abin da ke ciki ba shi da laifi, har hukunci ma jiransa ya yi. Amma kada ki ba yarinyar da ke cikin firgici wannan labari. Ta yi islamiyya, ta san yadda ya ƙare.

Sai sanin jiki. A gidan likita ana lissafin ciki daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, mako 40 ne gaba ɗaya. Wajen mako na 6 ana iya ganin bugun zuciya a eko, wato hoton ciki da ake ɗauka a gidan likita. A mako na 12 yatsun hannu da na ƙafa sun fito, tsawonsa kamar santimita 5 zuwa 6. Uwa kuwa ba ta jin motsi sai mako na 18 zuwa 20 in cikin fari ne, wadda ta saba haihuwa takan ji tun wajen mako na 16. Wannan tazara tsakanin bugun zuciya da jin motsi ita ce dalilin da ya sa mace mai cikin wata biyu take rantsuwa da gaske cewa jini ne kawai ya taru. Shi ya sa ma ba za ki ji ta ce tana son ta zubar ba. Cewa take "jinina ya tsaya", ko "ina neman maganin wankin mara". In kin ji haka, abu na farko gwajin fitsari ne, ana sayar da shi a farmasi ba tsada, kuma yana nunawa da zarar al'ada ta wuce lokacinta. Sau da yawa ma babu cikin, rashin jini ne ko shayarwa ko damuwa ta tsayar da al'adar, ana shirin ɗura mata jiƙe-jiƙe a banza.

Kada ki ƙara gishiri. In kika ce duk wadda ta zubar mutuwa take ko ba ta sake haihuwa, ita ta san ƙawarta da ta yi, ga ta nan da goyo. Ki faɗi abin da yake tabbas: ƙwayoyin masu talla da jiƙe-jiƙe da cushe-cushe suna jawo zubar jini da ba ya tsayawa, suna barin saura a mahaifa ya ruɓe, ƙarfe yana huda mahaifa, ciwon da ya biyo baya yana iya toshe hanyar ƙwai. Wannan ya isa tsoratarwa ba sai an yi ƙari ba.

Doka ma sai an san ta. Dokar hukunta laifuka ta Nijar ta tanadi kaso ga mai zubarwa da wanda ya taimaka mata. Dokar lafiyar haihuwa ta 2006 ta buɗe ƙofa inda cikin ke barazana ga rai ko lafiyar uwa, ko aka gano wata muguwar cuta a jikin ɗan tayin, kuma likitoci ne ke yanke wannan, ba dangi ba. Ki san ta don ki amsa tambaya, kada ki mai da ita bulala. Duk yarinyar da aka ce wa "sai na kai ki komisariya" ba ta fasawa, ɓacewa take, ta nemi wanda zai yi mata a ɓoye ko ta tsallaka iyaka. Wani abin kuma da mai kare rai ya wajaba ta sani: cikin da ya zauna a wajen mahaifa ba ya rayuwa, fashewa yake ya kashe uwar, kuma wankin da ake yi wa macen da ta yi ɓari ba zubar da ciki ba ne. In sajifam, wato ungozomar gidan likita, ta ce a yi aiki yanzu, wadda ta tsaya tana kawo aya don ta hana tana wasa da ran mace ne.

Mutane sun ɗauka wannan magana ta 'yan mata ce kaɗai. Da yawa cikin masu zuwa mana matan aure ne, da jariri ɗan wata bakwai ko takwas a baya. Rurrutsa ke nan, wadda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira kwanika. Takan shigo da hantsi kamar aron turmi ya kawo ta, ta zauna bakin ƙofa tana jijjiga goyo, sai can ta ce ƙasa-ƙasa, "Iya, wata biyu ke nan ban gani ba." Ba zunubi take tsoro ba, cikin mijinta ne. Dariyar ƙawaye take tsoro, da habaicin kishiya, da uwar miji da za ta ce nonon ya ɓaci, zai kashe yaro. A nan rai biyu ne a hannunki. In ba ta zubar ba, abin da aka saba yi shi ne a yaye na bayan dare ɗaya, a shafa maɗaci a nono, a aika shi ƙauye wurin kaka a riƙa ɗura masa koko tsinkakke. Kafin wata biyu zawo ya kama shi, ƙafafu sun kumbura, gashi ya yi ja, tamowa ta shiga. Abin da za ki gaya mata shi ne nonon mai ciki ba ya zama guba. Yakan ragu wajen wata na huɗu ko na biyar, ɗanɗanonsa yakan sauya, amma tana iya ci gaba da shayarwa, sai dai in tana ganin jini ko ta taɓa haihuwar bakwaini, a nan sajifam ce za ta faɗi yadda za a yi. Abinci za a ƙara mata da abin da ke gida: wake, zogale, ƙuliƙuli, ƙwai in an samu, fura da nono. Kuma kada ki tsaya a kanta, ki je wurin uwar mijin da kanki, ki gaishe ta, ki ce "Hajiya, shawara na kawo", don in ba ta yarda ba duk abin da kuka ƙulla warware shi za ta yi. Bayan haihuwa a yi zancen tazara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bar shekara biyu tsakanin haihuwa da ɗaukar wani cikin, daidai da shekara biyun shayarwa da ke cikin Suratul Baƙara. Mai ƙin zubar da ciki da ke kunyar zancen tazarar haihuwa, za ta sake ganin matar nan bakin ƙofarta baɗi.

Ita kuwa budurwa, yadda aka buɗe zancen shi ke yanke komai. Ba a tsakar gida ba, ba gaban ƙannenta ba, ba ta waya ba. Ki aike ta ta kawo miki wani abu ɗakinki, ki rufe ƙofa, ki ba ta ruwa. Kada tambayarki ta farko ta zama "wa ya yi miki?" Wannan tambayar alƙali ce, kuma ita ke rufe baki. Ki ce, "Ɗiyata, wa ya sani bayan ni?" Sannan, "Me kika fi tsoro?" Ki yi shiru, ko shirun zai yi tsawo. Amsarta ita za ta nuna miki aikinki: wata duka take tsoro, wata kora, wata tsoronta kada a saki uwarta, wata makarantarta, wata kuma fyaɗe aka yi mata ba ta gaya wa kowa ba, wannan kuwa tana bukatar likita da hukuma, ba faɗa ba. Kada ki nemi ta yi miki alkawarin wata tara a zama ɗaya. Ki nemi kwana uku: "Kada ki sha komai, kada ki je wurin kowa, ki ba ni kwana uku." Wanda yake cikin ruɗu yana iya riƙe kwana uku, kuma cikinsu ne za ki nemo amsar tambayar nan ta wa zai riƙe.

Kada a bar uwa ita kaɗai ta gaya wa uba, a kanta zai huce, aure da yawa ya mutu a nan. A nemo wanda yake jin nauyinsa: yayarsa, wato gwaggon yarinyar, ko wansa, ko limamin unguwa in mai riƙe sirri ne, don ba kowane ba. A same shi bayan ya ci abincin dare, ba gaban matansa ba, yarinyar kuma tana wani gida a daren. A zo masa da shiri a hannu, ba da labari kawai ba: ga 'yar'uwa a Madarunfa ko Tasawa ko Tibiri da ta yarda ta zauna wurinta, ga wadda za ta riƙa raka ta awo, ga yadda za a tunkari dangin yaron. Uban da aka kawo wa abin kunya kaɗai sanda yake nema. Wanda aka kawo wa mafita yakan yi zagi ya gaji, ya ce ku yi yadda kuka gani.

Awo tun 2006 gwamnati ta ce kyauta ne, kamar maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, haka ma tiyatar haihuwa, ko da yake a aikace sau da yawa sai an sayi wani abin a farmasi, don haka a tanadi 'yan kuɗi. A CSI, wato ƙaramin gidan likita na unguwa, za a ba ta karnen awo, da ƙwayoyin ƙarin jini na kullum, da allurar tetanos, da sange, da maganin rigakafin zazzaɓin sauro daga wata na huɗu. A yi awo aƙalla sau huɗu, yanzu ma takwas ake so. Mai cikin shege ita ce ta fi gudun layin awo saboda idon mutane, shi ya sa rakiya ba ƙaramin aiki ba ne. In ƙaramar yarinya ce, a gidan likita za ta haihu, ba a ɗakin kaka ba. Doguwar naƙuda ita ke kawo yoyon fitsari, kuma cibiyar Danja da ke gyaran masu wannan lalura ba don wasa aka gina ta ba. Makaranta ma ba ta ƙare ba: tun Disamba 2017 akwai dokar kare 'yan mata 'yan makaranta, kuma wadda ta haihu tana iya komawa aji.

Kuɗi fa? Ba sai an jira mai hali ba. A jihar nan tamu aka fara tsarin asusun Mata Masu Dubara a 1991, don haka tara kuɗi ba baƙon abu ba ne gare mu. Mata ashirin in kowace ta zuba dala ashirin a mako, jaka biyu ke nan, a wata jaka takwas. Ya isa gwaji, da kuɗin kabu-kabu zuwa awo, da sabulu da zannuwan jariri. Ranar da kika san akwai wannan a bayanki, tambayar "ke za ki riƙe shi?" ba ta ƙara razana ki, don kina da amsa: "Ba ni kaɗai ba, mu ne."

Wanda ya hana zubarwa ya tafi abinsa bai gama aiki ba. Yarinyar da aka tsoratar ta bar cikin, aka kuma bar ta ita kaɗai, ita ce ke ɗaure ciki da zane wata tara, ta haihu a bayan gida cikin dare, gari ya waye a ji kukan jariri a masai, ita kuma ta ƙare a gidan kaso. Duk wanda ya girma a garin nan ya ji irin wannan labari.

Maza ma suna da nasu. Yawanci kuɗin zubarwa daga aljihun saurayi suke fitowa, abokinsa ne ke nemo masa inda ake yi. In kai ne abokin, kada ka tayar da zancen a fada ana tsakiyar shayi, gaban mutane dole ya kare kansa, dariya za a mai da abin. Ka raka shi hanyar gida, ka ce masa ba za ka ba da ko dala ba a kan wannan, amma za ka raka shi wurin kawunsa in ya yarda ya faɗi gaskiya.

Karayar zuciya tana zuwa ne ranar da kika yi duk wannan aka kuma zubar. Zai faru, ba sau ɗaya ba. Wasu matan daga nan suke cewa sun daina, alhali a ranar ce aka fi bukatarsu. Ki koma gidan. Ki duba ko jini yana jiƙa ƙunzugu biyu cikin awa ɗaya har awa biyu a jere, ko akwai zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ko ciwon mara mai tsanani, ko jiri in ta miƙe. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a ɗauke ta zuwa gidan likita a daren, ba a jiran safiya, kuma a gaya wa sajifam gaskiyar abin da aka sha ko aka yi da lokacin da aka yi, don shi zai nuna mata maganin da za ta ba da. Kada "ai na gaya miki" ya fito daga bakinki. Ƙofar tuba a buɗe take, ba ke ce mai gadinta ba. Ba sau ɗaya ba na ga wadda aka raka asibiti cikin irin wannan dare ta dawo bayan shekara biyu riƙe da hannun ƙanwarta ko ƙawarta, tana cewa, "Iya, ga wannan, ba ta sha komai ba tukuna."

In kuwa an haihu lafiya, saura suna. Dangi da yawa ba sa son a yanka wa irin wannan jariri rago ko a tara mutane. Ba sai an yi taro ba, amma a samu malami ya yi masa huɗuba, a raɗa masa suna ranar bakwai kamar kowane ɗa, a karɓo takardar haihuwa da wuri tun daga inda aka haife shi, don in aka bari lokaci ya wuce sai an bi ta kotu, kuma da ita zai zauna jarrabawa in ya girma.